Muryar 'Yata a Akwatin Talabijin

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Kristi Mai Cetonmu. Fasto, dattawan ikkilisiya da iyayena mata, na gode da kuka ba ni wannan dama. Idan magana ta sarƙe mini a hanya ku yi haƙuri da ni, ban saba tsayawa gaban jama'a ba.

Sunana Hannatu. Mutanen Hayin Banki Maman Murna suke ce mini, har yau kuwa idan an kira ni haka ina amsawa.

Maigidana Yohanna kafinta ne a ma'aikatar ayyuka. Daga kudancin Zariya muka zo nan Kaduna, tun ana kashe fam da sule. Ni tela ce, ina da keken ɗinkina a bakin ƙofa. Na haifi 'ya'ya, amma ba su zauna ba, Murna kaɗai Allah ya bar mana. Ubanta mutum ne mai son kiɗa. Ranar Asabar da yamma yakan fito da garmahonsa tsakar gida, ya sa faifai, ya kama hannun yarinyar nan su yi ta juyi, ni kuma ina kan keke ina ce musu su bar tayar mini da ƙura a kan kayan mutane. Wurinsa ta gado waƙa. Tun tana ƙarama ta shiga cikin mawaƙan cocinmu, da ta kai shekara goma sha bakwai kuwa ita ke ɗaga waƙa sauran su amsa.

Dab da wata Kirsimeti gidan talabijin ya gayyaci mawaƙanmu a ɗauke su. Ni na ɗinka mata farar rigar da ta sa. Da ta dawo ta zube a kan tabarma tana dariya, ta ce, "Mama, fitilunsu zafi kamar gindin murhu. Mun yi ta maimaita waƙa har maƙogwarona ya bushe. Amma za ki gan ni a akwatin Hajiya."

Hajiya maƙwabciyarmu ce, bango ɗaya ya raba mu. Mijinta babban ma'aikacin gwamnati ne, su kaɗai ke da talabijin a layinmu.

Kowace shekara gida muke zuwa Kirsimeti. A wannan karon ɗinki ya yi mini yawa, sai na ce su yi gaba, in na sallami masu kaya zan biyo su. Na raka su tasha. Murna ta leƙo ta tagar mota ta ce kada in manta da ɗankwalin da ta saya wa kakarta. Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

A hanyar Kachiya motarsu ta yi karo da wata babbar mota. Yohanna a nan take ya cika. Murna kuwa an ce ta kai asibiti da rai, amma kafin saƙo ya iso ni ita ma ta tafi. Na je gida da ɗankwali a jaka, na tarar ana haƙa kabari biyu gefe da gefe.

Ban yi kuka ba. Mata suna ta faɗuwa a kaina, ni kuwa ina zaune kamar kututture. Aka yi ta ce mini nufin Allah ne, ina gyaɗa kai. Bayan kwanakin makoki dangi suka ce in zauna a ƙauye, na ƙi, na dawo Kaduna ɗakin da babu kowa.

Wata Lahadi da yamma ina kwance, sai na ji muryar Murna ta bayan bango. Ba mafarki nake yi ba, 'yan'uwa, idona biyu. Ita ce take ɗaga waƙa, sauran suna amsawa. Ban san lokacin da na fita ba, ko takalmi babu, ko ɗankwali babu. Na faɗa falon Hajiya ba sallama. Ta miƙe za ta kashe akwatin, na riƙe mata hannu.

Ga ta nan a layin gaba, cikin farar rigar da na ɗinka, tana ɗan karkatar da kai yadda takan yi idan waƙa ta shige ta. Na durƙusa na dafa gilashin. Da ɗuminsa. Kafin in gama kallon fuskarta waƙar ta ƙare, wani mutum ya fito yana karanta sanarwa.

Hajiya ta zauna kusa da ni a ƙasa tana hawaye. Ta ce, "Maman Murna, tun ranar Kirsimeti muka gan ta. Na hana yara su faɗa miki, na ji tsoron abin da zai yi miki."

Na ce, "Za su sake sa ta?"

Ta ce, "Sukan sa, idan wani shiri ya makara sai su cike wurin da waƙar. Amma ba a sanin ranar."

Daga ranar na shiga wani ɗauri da ban san ɗauri ba ne. Tun kafin a buɗe tasha da yamma ina gidan Hajiya, ba na tashi sai an rufe. Na kalli labarai, na kalli kokawar Turawa, na kalli wasan kwaikwayo, mutane suna dariya ni ina jira. Wani lokaci mako ya wuce ba a sa ba. Ranar da aka sa kuwa, washegari nakan iya cin abinci, har in share ɗaki. Matar nan Allah ya saka mata. Ba ta taɓa nuna mini ta gaji ba, takan ajiye mini tuwo a gabana, ta ce wa 'ya'yanta su matsa su ba ni wuri.

Coci na daina zuwa. Ba na iya ganin mawaƙa sun miƙe wata yarinya tana tsaye a wurin Murna. Matan zumunta suka yi ta zuwa, ina jin sallamarsu in yi shiru har su gaji su tafi. Masu ɗinki suka kwashe kayansu ɗaya bayan ɗaya.

Ana nan aka yi wa mijin Hajiya canjin wurin aiki zuwa Bauci. Ranar da ake loda kayansu, idona yana kan akwatin nan da aka naɗe da bargo. Hajiya ta kama hannuna ta ce, "Ki koma cikin mutanenki, Maman Murna. Abin da ke cikin akwatin nan hoto ne, ba zai rungume ki ba." Na ji haushin maganar, ko rakiya ban yi mata ba.

A makon na sayar da keken ɗinkina, na haɗa da garmahon Yohanna da faya-fayansa duka, na sayi tsohuwar talabijin a Babbar Kasuwa. Na ce yanzu 'yata ta dawo ɗakina.

Ba a sake sa waƙar ba.

Damina ta shigo, ta yi nisa, ina zaune. Idan aka ɗauke wuta sai zuciyata ta ce yanzu ne ake nuna ta, in fita ina zagaya unguwa ina neman gidan da ke da haske. Yara suka fara nuna ni da hannu. Zanena ya daina zama a ƙuguna saboda rama.

Da na kasa jurewa na wanke jiki na tafi gidan talabijin. Na daɗe a bakin ƙofa kafin a kai ni wurin wani mutum mai kula da shirye-shiryen addini. Ya saurare ni da kyau, ya ba ni kujera, ya shiga ciki ya duba. Da ya fito bai iya kallon idona ba.

Ya ce, "Mama, ki yi haƙuri. Faifan da muke ɗaukar hoto a kai daga waje ake kawo shi, ba mu da shi da yawa. Idan shiri ya kwana biyu sai a ɗauki wani a kansa."

Na ce, "To ina ita take?"

Ya ce, "An goge."

Na ce, "Me aka ɗauka a kanta?"

Ya ce bai sani ba, wataƙila wasan ƙwallo.

A ranar ce na binne Murna. A ƙauye gawarta aka sa a ƙasa, ni kuwa ban yarda ba sai a ofishin nan. Na dawo gida da ƙafa, na kulle ƙofa, na kwanta a ƙasa. Na ce wa Allah na gama. Ban roƙe shi komai ba sai ya ɗauke ni. Na daina cin abinci, ruwa ma sai in maƙogwaro ya matsa mini. Akwatin yana kunne, ba na kallonsa, ba na kuma iya kashe shi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, idan na rufe ido ina neman muryarta sai in ji ta yi nisa, kamar mai kira daga ƙetaren kogi.

Ashe matan zumunta ba su fid da rai da ni ba. Su suka aika gida. Wata rana da hantsi na ji ana dukan ƙofa da sanda, ana kiran sunana da harshenmu. Surukata ce, mahaifiyar Yohanna, tsohuwar da ba ta taɓa taka Kaduna ba. Ta hau mota ta bi hanyar da ta cinye mata ɗa da jika. Na rarrafa na zare sakata.

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta nuna akwatin da sandarta ta ce, "A nan aka ce Murna take?"

Na ce, "Sun goge ta, Mama."

Ta ce, "Ke kuma wa ya goge ki?"

Na ce mata ta koma gida, ni ba ni da sauran amfani, ba miji, ba ɗa, ba sana'a. Na ce da ban tura su gaba ba da tare muka tafi, da na huta.

Ba ta yi mini wa'azi ba. Ta ajiye sandarta, ta durƙusa da ƙyar, gwiwoyinta suna ƙara, ta ɗora kaina a cinyarta. Ta yi addu'a da ƙarfi kamar mai magana da wanda ke tsaye a ɗakin. Ta ce, "Uba, ka ɗauki Yohanna, ban ce komai ba. Ka ɗauki Murna, na yi shiru. Naka ne. Amma wannan ka bar mini ita. Na tsufa, ba ni da ƙarfin sake tsayawa a bakin kabari. Cikin sunan Yesu nake roƙonka, ka bar mini ita."

Ni na ɗauka babu wanda ya yi rashi a duniya sai ni. Ga wadda ta haifi Yohanna, ta goya Murna, tana jayayya da Allah a kan raina da ni kaina na yar. Kukan da ban yi ba a ƙauye a nan ya ɓalle. Na yi ta ihu har maƙwabta suka cika ƙofa. Da na sami numfashi na ce, "Yesu, ban gane abin da ka yi mini ba. Amma ga ni, ka riƙe ni, ni ba zan iya ba." Iyakar addu'ata ke nan.

Mama ta dama kunu ta ba ni da ludayi kamar jaririya. Na sha, ya zauna.

Ba zan yi muku ƙarya a gidan Ubangiji in ce daga ranar komai ya warware ba. Na yi makonni kafin ƙafafuna su ɗauke ni. Mun sayar da akwatin, muka bar Hayin Banki, muka kama ƙaramin ɗaki a Rafin Guza, inda babu wuta ma. Mama ta ƙi komawa gida, ta ce sai ta ga na yi ƙiba. Kekena bai dawo ba. Wata 'yar'uwa a cikinku ta ba ni wuri a rumfarta a kasuwa, ina ɗinki a kan nata. Kusa da mu akwai mai sayar da faifai, daga safe har yamma kiɗa yake saki. Akwai ranakun da nakan tsayar da keke in shiga bayan rumfa in yi kuka, in wanke fuska in dawo in ƙarasa rigar mutane.

Muryar Murna kuwa tana ƙara yi mini nisa. Wannan shi ne ciwon da nake ɗauke da shi yanzu, ina roƙo ku sa ni a addu'a a kansa. Na koma zumuntar mata, amma har yau waƙa ba ta fita daga bakina. Da shugabarmu ta lura, sai ta miƙo mini tulun da ake bugawa, ta ce, "Hannatu, hannu ma yana yabo." Shi nake bugawa a layin baya.

To me nake gode wa Allah a kai? Ina gode masa domin na nemi mutuwa da dukan zuciyata ya hana ni. Ina gode masa saboda tsohuwar nan da ke zaune can kusa da taga, da matan da suka yi ta sallama a ƙofar da na ƙi buɗewa, da maƙwabciyata Hajiya wadda ban sami yi wa godiya ba. Yabo ya tabbata ga sunan Yesu!

Idan akwai wani a nan da ya kulle kansa a ɗaki, ko da yana zaune a cikinmu yana murmushi, ba zan ce maka zafin zai wuce gobe ba, nawa bai wuce ba. Ka dogara ga Yesu da ɗan abin da ya rage maka, ko kalma ɗaya ce. In kuma ka ji ana buga ƙofa, ka rarrafa ka buɗe.

Ubangiji ya riƙe mu duka. Amin.