Adireshi Ɗaya, 'Yan Mata Biyu

Shugaban wannan taro, Alhaji Mailafiya. Wakilan kamfanonin sadarwa da suka taso takanas daga Abuja. 'Yan uwana malamai. Iyaye maza da mata na Lafia da kewaye, assalamu alaikum, barkanmu da war haka.

Sunana Malama Asama'u. Ina godiya da aka miƙo mini lasifika, duk da sai da aka fara tattara kujeru aka tuna da malaman makaranta.

Da farko, na yarda da bayanin injiniyan da ya gabace ni. Ya ce kowace na'ura sai da adireshi take shiga intanet, ya ce adireshoshin tsohon tsari sun ƙare, shi ya sa ake haɗa jama'a da yawa a kan guda ɗaya. Inda muka rabu shi ne da ya ce sabon tsarin, wanda suke kira IPv6, ba abin gaggawa ba ne, wai ana lallaɓawa a haka. Wa ke lallaɓawa? Wa aka tambaya?

Na biyu, ga yadda lallaɓawar take a ƙasa. Ɗalibata Zuwairatu ta zauna jarrabawar neman gurbin karatun jinya ta intanet, a ɗakin mahaifiyarta a nan Lafia. A ranar, wata yarinya mai suna Rosaline ta zauna irinta a garin Obi. Dukansu sun ci. Sai makarantar, can a wata ƙasa, ta ga amsoshin biyu sun fito daga adireshi guda, ta yanke hukuncin cewa mutum ɗaya ne ya rubuta musu. Aka soke sakamakonsu.

Ban manta da muryar mahaifin Zuwairatu ba, dattijon da bai taɓa ɗaga mata murya ba. A gabana ya ce, "Zuwaira, ki ji tsoron Allah, wa ya rubuta miki?" Wallahi har yau abin yana ci mini rai.

Na uku, roƙo. Makarantar ta ce za ta sake duba maganar idan kamfanin sadarwa ya shaida a rubuce cewa adireshin na jama'a da yawa ne. Mun je kamfanin, an ce mu dawo. Mun dawo, an ce oga ya yi tafiya. To yau ga ogogin a gabanmu, sun sha lemo, sun sha tafi. Ku ba da shaidar kafin makarantar ta rufe ƙofa. Sannan ku kawo sabon tsarin da zai ba kowa adireshinsa, kowa ya amsa sunansa, kowa ya ɗauki laifinsa.

Ku waiwaya can baya, kusa da taga. Ga Zuwairatu, ga Rosaline, waɗanda aka ce sun haɗa baki. Yau da safe, a bakin ƙofar zauren nan, suka fara ganin juna.

Allah Ya wanke su, Allah Ya sanyaya zuciyar iyayensu, Ya mai da kowa gidansa lafiya. Na gode.