Tukunyar Mutum Ɗaya

A gaban rumfar mai tukwane wata dattijuwa ta tsaya tana shafa murfin wata 'yar ƙaramar tukunya. Kusa da ita wata mai goyo ta rungumo babban saiti.

"Mama, wannan ai ta wasan yara ce," in ji mai goyo.

"Ta mutum ɗaya ce, 'yar nan. Yarana bakwai kowa ya kama gabansa, amma hannuna ya ƙi koyon awo kaɗan. Kullum sai in dafa na mutum takwas, in zauna ina kallon tururin yana tashi, har in ji kamar muryoyinsu a tsakar gida."

"Wayyo, ni kuwa burina ke nan! In dafa ɗan kaɗan, in ci da zafinsa, ba mai jan bakin zanena."

"Ni ma haka na yi ta roƙo. Ga shi an amsa mini."

Mai goyo ta ƙara gyara majanyinta.

Mai rumfa ya ce, "A naɗe miki ƙaramar, Mama?"

Dattijuwar ta mayar da murfin a hankali.

"Bar ta, ɗana. In na saya, kamar na yarda ba za su dawo ba."