Jar Motar da Ke Shaƙewa

A bencin gareji, wani dattijo mai jiran gyaran babur ɗinsa ya ƙura wa wata tsohuwar jar motar tsere ido. Mai ita, wani matashi, ya zauna kusa da shi.

"Baba, motar nan ta gajiyar da ni. Da ta ɗau zafi sai ta riƙa shaƙewa. Mun canza fulogi, mun wanke nozul, famfon mai ma sabo ne."

"To ka sayar da ita mana," in ji dattijon.

"Ina! Duk inda na bi da ita sai an waiwayo."

Maganar ta soki dattijon, ya kau da kai. Bakanike ya tayar da motar, injin ya yi tari, ya mutu. Dattijon ya so ya yi shiru, amma ya kasa.

"Ce masa ya duba tiyon iskan da ke bayan injin. Can yake tsagewa."

"Baba, kai ma bakanike ne?"

"A'a. Ni na saye ta sabuwa, kafin kasuwata ta karye." Ya miƙe yana kaɗe riga. "Kuma ka daina buga mata ƙofa da ƙarfi. Ban saba mata da haka ba."