Kamfani Ma Iyali Ne

"Umma, me ya sa mutumin can yake zagin wayarsa?" in ji Bushira, muna jiran mota a tashar Bebeji. Kafin in tsawatar mata, wani dattijo ya dubi mutumin.

"Lafiya, ɗana?"

"Ina fa lafiya, Baba! Yau sunan ɗana. Ana raba goro oga ya kira, wai manhajar da muka rubuta ta tsaya, in koma Kano yanzu."

"Ba ka ce suna ake ba?"

"Na faɗa. Wai ai kamfani ma iyalina ne."

"Iyalin naka sun yi maka barka?"

"Ko saƙo!"

"To, yaron wa ya ɗebo, kai ko uwar?"

Ya sunkuyar da kai. "Ko ɗaukarsa ban yi ba, Baba."

'Yar'uwa, ki kula. Duk kamfanin da ya ce wa mijinki shi ma iyali ne, naki iyalin zai fara cinyewa.