Ruwan da Zai Tsaya a Katanga

A ɗakin jira na ofishin kula da gaɓar teku, dattijon da aka umarta ya bar gidansa ya dubi matar da ke gefensa.

"Malama, kin ji ikon kwamfuta? Wai sun yanka gaɓar teku gida-gida da layuka sun lissafa. Ruwa zai cinye ɗakina, amma in ya iso katangar maƙwabcina sai ya tsaya ya yi sallama."

"Baba, ai ƙiyasi ne, ba wahayi ba."

"To su rushe gidan da ƙiyasi mana! Ke ina kika sani?"

"Ni na ja layukan."

"Sannu da aiki! Yau kuma gidan wa kika zo nutsarwa?"

Ta sunkuyar da kai. "Roƙo na zo yi, Baba. Gidan mahaifiyata layi ɗaya yake da naka."