Hannuna da Turmin Hajiya

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Fasto, dattawan ikkilisiya, iyayena mata, na gode da kuka ba ni fili. Abin da zan faɗa ko Mama da ke zaune can ba ta taɓa ji ba.

Ni ce Rifkatu, wadda kuka laƙaba wa Likita tun ina sakandare, ko allura ban taɓa riƙewa ba. Kun san na karanta likitancin haƙori, kun san ina aiki a Madina. Abin da ba ku sani ba shi ne, tun ina makaranta har na tafi can da ƙwaya nake aiki.

A makaranta karatu bai ba ni wuya ba. Sassaƙa haƙori da kakin zuma ma na iya, aiki a bakin mutum-mutumin roba kuwa har nuna nawa ake yi. To roba ba ta kallonka. Ranar da aka fara zaunar mini da mutum mai rai, na ɗaga allurar kashe zafi zan soka a dasashinsa, sai hannuna ya kama rawa. Malaminmu ya karɓe allurar a gaban kowa. Na koma ɗaki na sha kuka.

Wata abokiyar karatuna ce ta ba ni wata 'yar ƙwaya ta kwantar da hankali. Na sha, hannu ya tsaya cak. Na ce na sami magani. Ashe ubangida na samu! Daga ranar jarrabawa ta koma kullum, daga ɗaya ta koma biyu. Ranar da muka yi sujadar godiya a nan don na gama makaranta, kuna ta guɗa, tana cikin jakata.

Da na ci jarrabawar lasisi na sami aiki a wani asibitin haƙori a unguwar Aƙiƙ, matar da ta shirya mana takardu ta ja mana kunne. Ta ce duk wadda aka kama da irin ƙwayoyin nan ba takardar likita, gidan yari ne. Na zubar da su a ban-ɗakin filin jirgi kafin mu tashi. Na sauka Madina ba ko ɗaya, ga gwajin wata uku a gabana: in aikina bai gamsar ba, a mayar da ni gida.

'Yan'uwa, na ga tashin hankali! Gumi, faɗuwar gaba, abinci ba ya shiga. Kofin shayi sai da hannu biyu nake ɗauka. Na koma dabara: duba baki da wanke haƙori nawa ne, cirewa kuwa kullum da uzurin da zan tura wa abokiyar aikina. Ina ta tunanin yadda zan dawo in kalle ku. Amma rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Shugabarmu, wadda muke kira Mudira, ta ce ran Lahadi zan cire haƙori tana tsaye.

Can Lahadi ranar aiki ce. Lokacin da kuke nan kuna waƙa, ni ina sa safar hannu.

Aka shigo da wata tsohuwa, Hajiya Zainabu. A Madina aka haife ta, kakanta ne ya zo daga Kano a ƙafa. Turamen haƙori biyu za a cire mata don a yi mata haƙoran roba. Ɗaya ne ke ciwo, ɗayan yana girgiɗi kawai. Tana zama ta ce, "Ke ce diktora 'yar Hausa? Alhamdulillah. Yau zan faɗi ciwona ba sai da tarjama ba."

Na ɗaga allura. Bakin allurar na kai da kawo a gaban fuskarta.

"Ya binti, 'yata," ta ce, "hannunki ne ke rawa ko idona ne?"

Na roƙi minti biyar. Na shiga ɗakin da ake dafa kayan aiki, na rufe ƙofa, na durƙusa. Shekara da shekaru addu'ata ɗaya ce: Ubangiji, ka tsayar mini da hannu kada a gane. Ran nan ta ƙi fitowa. Abin da ya fito shi ne, "Yesu, na gaji da ƙarya. In aikin nan ba nawa ba ne, ka karɓe abinka." Na duba hannuna, yana nan yana rawarsa. Amma na san sarai ba zan soka wa baiwar Allahn nan allura a haka ba.

Na fito na faɗa wa Mudira komai da Turanci, tun daga ƙwayar farko. Ta sa safa ta cire turmin mai ciwo da kanta. Ina tsaye a gefe ina tunanin ta inda zan fara haɗa akwati. Da ta juyo kan na biyu, sai Hajiya ta ɗaga hannu. Ba ta ji Turancin ba, amma ta ga hawayena.

Da auduga a baki ta ce, "Halas, ya isa, wannan a bar shi. Na diktora ne. Ki je ki warke shuwayya shuwayya, a hankali, ya binti. Ai ba inda za shi."

Mudira ta kira ni ofis. Ta yi faɗa sosai, kuma da gaskiyarta. Sannan ta ce da na soka allurar nan, da a ranar zan bar asibitin. Ta haɗa ni da likitan da ya san irin wannan matsalar, ta cire ni daga duk aikin allura, ta ce sauran sai abin da likitan ya rubuta. Ya ce yanke ƙwayar da na yi lokaci ɗaya ganganci ne babba, Allah ne kawai ya tsare ni.

Wata huɗu ina magani, kullum da fargabar abin da zai rubuta. Ranar da ya sa hannu cewa na warke, Mudira da kanta ta kira gidan su Hajiya.

Hajiya ta zo tana dogara sanda. "Na gaji da kunu, diktora. Jikokina na cin nama ina kallo." Na yi addu'a a zuciyata, ita ma na ga leɓenta na motsi da tata. Na soka allura, na kama turmin, ya fito lafiya lau. Ta ce, "Har kin gama?" Sai na fashe da kuka, ita ce ma ke ba ni haƙuri.

Halleluya! Yabo ya tabbata ga Ubangiji!

Ku matasa masu son karatun nan, ku yi shi, aiki ne mai albarka. Amma ranar da tsoro ya kama ku, ku faɗa wa Allah, ku faɗa wa wani babba, kada ku ɓoye kamar ni. Mama, ki gafarce ni. Ku taya ni gode wa Yesu, ku kuma dogara gare shi. Jibi zan koma bakin aiki, ku riƙe ni cikin addu'a. Amin.