Ranar da Rahila ta cika sha shida

Salama gare ku 'yan'uwa, cikin sunan Yesu. Sunana Bulus, tasi nake tuƙawa, yawanci a filin jirgin sama na JFK nake jiran fasinja. Caca ta kusa raba ni da 'yata Rahila.

A wurin jiran nan na koyi cacar kati ta blackjack a waya, daga baya na fara bin motar da ke kai mutane gidan caca. Ni a ganina ba caca nake ba, ilimi nake yi! Na haddace ƙa'idar tsaf: jimillar katinka ta kusanci ashirin da ɗaya, amma kada ta wuce. In kana da katin A, wanda ke zama sha ɗaya ko ɗaya, hannunka mai laushi ne, kati ɗaya ba zai ƙone ka ba. In babu shi, hannu mai tauri ke nan. Takwas biyu ka raba su hannu biyu, goma biyu kada ka taɓa. Mafi muni shi ne sha shida mai tauri a gaban goma ta mai raba kati: ka ƙara kati ka wuce ashirin da ɗaya, ka tsaya ya cinye ka.

Kai, abin ya shiga kaina! Lambar mota, lambar gida a titin Grand Concourse, har lambar waƙa a sujada, duk hannun kati nake gani. In na rufe ido zan yi addu'a, kati ne ke zuwa.

Ranar da Rahila ta cika shekara sha shida, matata Hannatu ta tara mutane a gida. Fasto ya ce, "Shekara nawa ke nan, 'yata?" Ta ce sha shida. Sai na ji bakina ya ce, "A ƙara kati."

Rahila ta san abin da nake nufi, ta sha jin ina maimaita shi a waya. Ta ajiye wuƙar kek ta shige ɗaki. Daga ranar ta daina yi mini magana, ko gaisuwa sai ta bakin uwarta.

Na yi alkawari na karya, na goge wasan na sake saukewa. Wayyo, na rasa yadda zan yi da kaina!

Wata rana da tsakar rana a filin jira, na kifa kai a sitiyari ina kuka. Na ce, "Yesu, ba ni da sauran dabara. Kai ka san yadda za ka yi da ni." Iyakar addu'ar ke nan. Na koma gida na miƙa wa Hannatu wayar, na karɓi tsohuwa mai maɓalli don kiran iyali.

Ba zan yi muku ƙarya ba, lambobin suna zuwa har yanzu, sai dai ban koma teburin caca ba. Shekaranjiya Rahila ta tsaya a bakin ƙofa, da Hausarta mai gargada ta ce, "Baba, za ka koya mini tuƙi?" Na gyaɗa mata kai.

Na gode wa Ubangiji! Wanda ƙarfinsa ya ƙare a cikinku, ya kira Yesu a haka, zai ji shi. Ku ci gaba da yi mana addu'a. Amin.